Darasi na Bakwai: Kiyaye Mota Daga Ɓarayi a Cikin Unguwa

Yawancin masu sata a cikin motocin da aka ajiye a ƙofar gida ba sa zuwa da wani babban shiri. Mutum ne zai bi layi da tsakar dare, bayan sawu ya ɗauke, yana jan mariƙin ƙofar kowace mota, yana leƙa cikinta da hasken wayarsa. Wadda ya samu a kulle, kuma bai ga komai a kan kujerunta ba, sai ya wuce ta. Wadda ta buɗe masa, ko wadda ya hango jaka a cikinta, a nan yake tsayawa. Saboda haka babban aikin mai mota shi ne ya hana ɓarawo ganin dalilin tsayawa.

Abin da ido ya gani

Kada ku bar komai a inda mai leƙe zai gani, ko da kuwa abin ba shi da wata daraja a wurinku. Jakar da ke kan kujerar baya, ku kun san tsofaffin takardu ne kawai a ciki, amma ɓarawo bai sani ba, kuma ba zai sani ba sai ya fasa gilashi ya ɗauke ta. A yawancin motoci gilashin gefe ba irin na gaba ba ne. Na gaba falle biyu ne da aka manne da leda a tsakani, shi ya sa yake tsagewa ba tare da ya zube ba, amma na gefe, da an buge shi da abu mai tsini, sai ya tarwatse ya zama ƙananan gutsattsari cikin ƙiftawar ido, kuma ƙarar da yake yi ba lallai ta tashi mai barci ba. Sau da yawa kuɗin sa sabon gilashi yakan fi abin da aka sace yawa.

Akwai kuma alamomin da ke tona asirin abin da aka ɓoye. Igiyar caja da ke lilo daga dashbod tana nuna cewa wataƙila akwai waya a kusa. Zagayen tabon da robar mariƙin waya ke bari a jikin gilashin gaba yana nuna haka nan, don haka a goge shi. Rigar da aka shimfiɗa a kan kujera don a rufe kwamfuta ba ta rufe komai ba, domin tudun da ta yi ya ishi mai nema. Abin da ya fi shi ne a kwashe kaya a shiga da su gida, musamman waya, kuɗi, katin banki, lasisin tuƙi da makullan gida. Idan ya zama dole a bar wani abu a cikin but, a sa shi tun kafin a iso wurin da za a ajiye motar, domin wanda ya tsaya a bakin titi yana jera kayansa a but ya riga ya nuna wa duk mai kallo inda za a nema.

Kullewa da tabbatarwa

Danna rimot bai isa ba. Batirin rimot yana yin sanyi, wani lokaci ƙofa ɗaya ba ta rufu sosai ba, kuma akwai ɓarayin da ke amfani da na'urar da ke tare saƙon rimot, ta yadda mai mota zai danna ya tafi alhali motar a buɗe take. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: bayan kun danna, ku ja mariƙin ƙofar da hannunku, ku kuma duba cewa kowane gilashi ya hau har ƙarshe. 'Yar kafar da ake bari don iska ta shiga ta isa a zura ƙarfe. Haka kuma kada a bar mota tana aiki da makulli a jiki da sunan za a shiga gida a ɗauko abu a fito, domin wannan ɗan lokacin ne ake jira.

Masu motocin zamani da ke buɗewa da zarar makulli ya matso kusa suna da wani abin lura na daban. Idan aka rataye makullin a bayan ƙofar gida ko kusa da taga, ɓarayi biyu na iya kama saƙonsa daga waje da na'ura, su miƙa shi zuwa motar, ita kuwa sai ta ɗauka mai ita ne ya zo, ta buɗe. A ajiye irin wannan makulli can cikin ɗaki, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi ko jakar da aka yi don tare saƙo. Gwajinsa mai sauƙi ne: ku sa makullin a ciki, ku rufe, ku je jikin motar riƙe da gwangwanin ku ja ƙofa, in ta buɗe, wannan gwangwanin bai yi ba.

Wurin ajiyewa da sassan mota

Wanda ke da gareji ko farfajiya mai ƙofa ya shigar da motarsa, ko da ya dawo a gajiye. Wanda ba shi da shi ya nemi wuri mai haske, wanda ake hangowa daga taga, ya guji lungu da bayan doguwar katanga. Fitila ɗaya a ƙofar gida tana amfanar gidaje da dama, kuma maƙwabtan da suka san motocin juna sukan gane baƙon hannu da wuri.

Ba kayan ciki kaɗai ake sata ba. Ana cire batir, madubin gefe da tayoyi, ana kuma shiga ƙarƙashin mota a yanke tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, saboda a cikinta akwai ma'adanai masu tsada irin su filatinam. Bakanike zai iya sa wa batir ƙarfe da kwaɗo, ya sa wa kowace taya noti ɗaya da ba ya kwancuwa sai da makullinsa, sannan a zana lambar motar a jikin madubai da gilasai, domin kayan da ke ɗauke da lamba suna da wuyar sayarwa.

Idan an riga an yi satar

Duk wanda ya ga ana taɓa motarsa kada ya fita shi kaɗai ya tari ɓarawo, domin bai san abin da ke hannunsa ba. Ya kunna fitila, ya kira maƙwabta da 'yan sanda. In da safe aka tarar da ɓarnar, a ɗauki hotonta kafin a taɓa komai, a rubuta abubuwan da suka ɓace, a kai rahoto ofishin 'yan sanda, a karɓi takardar shaida, domin kamfanin inshora yakan nemi ganinta. Idan katin banki ko waya na cikin abin da aka ɗauka, a sanar da banki da kamfanin layi a ranar, su rufe.

A nan ne iya rubutu yake amfani ƙwarai. Kowace waya tana da lamba ta musamman mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, kuma yawancin motocin da aka ƙera daga shekarar 1981 zuwa yau suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake samu a cikin takardun mota, sau da yawa kuma a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da waɗannan lambobi ne ake shaida kaya idan an gano su.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya danna *#06# a wayarsa, ya kwafi lambar a littafinsa, sannan ya karanta ta da ƙarfi wani ya duba masa ko ya yi daidai. Mai mota, ko wanda ke tuƙa ta wani, ya ƙara da lambar motar da lambar shasi, ya ajiye littafin a cikin gida. Da dare kuma, bayan ya kulle motar, ya zagaya ta da tocila yana leƙa kowace taga, ya rubuta duk abin da ya hango, ya zo da shi aji mai zuwa.