Yadda ake daidaita jet ɗin kabureta idan babur mai bugu biyu ya rage ƙarfi

Baburan tsere a ƙasa mai ramuka da tudu, irin su Yamaha YZ125 da YZ250, suna amfani da injin mai bugu biyu wanda ake haɗa masa fetur da man 2T, kuma irin wannan injin ba ya jure kuskure a ma'aunin mai (wato wannan haɗin na fetur da 2T) da iska. Idan mai ya yi yawa, babur yana nauyi, yana tari, salansa na zubar da baƙin mai, fulogi na mutuwa a kai a kai. Idan kuwa iska ce ta rinjayi mai, injin yana zafi fiye da kima, har fistan ya liƙe a cikin silinda ko samansa ya ɓule. Na biyun ne ya fi tsada, shi ya sa duk gwajin da za a yi ake fara shi daga ɓangaren da mai ya ɗan fi yawa, sannan a riƙa ragewa.

Kafin a taɓa jet ko ɗaya, wato 'yan ƙarafan nan masu ƙaramar kafa da ke auna man da ke wucewa cikin kabureta, sai a tabbatar cewa matsalar daga kabureta take, domin sau da yawa ana ɗora mata laifin da ba nata ba. A wanke soson matatar iska a shafa masa mansa, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke toshe shi cikin ɗan lokaci. A duba zoben fistan ko ya ci, a duba siraran faifan bawul ɗin da ke tsakanin kabureta da injin ko sun tsage ko ba sa rufewa, a kuma lura ko iska na shiga ta robar da ke riƙe kabureta ko ta sil ɗin kirankshaf. Injin da ke shan iska ta ɓarauniyar hanya babu jet ɗin da zai gyara shi. Daga nan a kwance kabureta a wanke, a busa kowace kafa da iska, a daidaita tsayin fulot, wato abin da ke yawo saman man da ke cikin kwanon kabureta, yadda littafin babur ya nuna. A kuma tsaya kan ma'aunin haɗin mai guda, misali 32:1 ko 40:1, wato kashi 32 ko 40 na fetur ga kashi ɗaya na man 2T, domin ƙara man 2T yana rage fetur ɗin da ke bi ta jet.

Kaburetar Keihin PWK da Mikuni TMX, waɗanda ake samu a irin waɗannan baburan, duka suna raba aikin gida uku, gwargwadon buɗewar totur, ba gwargwadon gudun babur ba. Yana da amfani a manna tef a hannun totur a yi alamar kwata, rabi da kashi uku cikin huɗu, domin a san daidai inda matsalar ke bayyana.

Ƙaramin jet da sukurin iska su ke riƙe da injin daga silo zuwa kwatan totur. Bayan injin ya yi zafi sosai, a shigar da sukurin a hankali har ya tsaya ba tare da an matse shi ba, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, sannan a riƙa juya shi kwata-kwata ana saurare har a samu inda silo ya fi tashi kuma injin ke amsa totur nan take. Shigar da sukurin yana rage iska, fito da shi yana ƙara ta. Idan sai da aka wuce zagaye biyu da rabi kafin injin ya ji daɗi, ƙaramin jet ya yi girma. Idan bai kai zagaye ɗaya ba, ya yi ƙanƙanta.

Allura, wato siririn ƙarfen cikin kabureta da ke tashi idan aka murɗa totur ya buɗe wa mai hanya, ita ce ke aiki daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, kuma a nan ne mahayi ke shafe yawancin tafiyarsa, don haka ta cancanci haƙuri fiye da sauran. Yawanci tana da tsagi biyar a samanta inda ake maƙala ɗan kilif. Idan aka matsar da kilif sama, allura tana sauka, mai ya ragu. Idan aka matsar da shi ƙasa, allura tana tashi, mai ya ƙaru. Babur da ke ɓarɓar kamar yana kurkure baki a rabin totur ya sha mai da yawa. Wanda ke yin shiru na ɗan lokaci idan aka murɗa totur, ko yake ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana neman ƙari. Tsagi ɗaya ake canzawa, a hau a gwada, kafin a ƙara wani.

Babban jet yana karɓar aiki daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshen totur. Lambobin Keihin suna tafiya kamar 175, 178, 180, na Mikuni kuma kamar 420, 430, 440, kuma ba a kwatanta lambar wannan da ta wancan, amma a kowanne babbar lamba ta fi ba da mai. A sa sabon fulogi, a samu hanya mai ɗan hawa, a buɗe totur duka a babban giya, sannan a kashe injin tare da kama kulochi a lokaci guda, a cire fulogin a dubi farin tangaran ɗinsa. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Baƙi mai jiƙe yana nufin a sauka mataki ɗaya, fari fat ko toka-toka kuma yana nufin a koma babbar lamba nan da nan.

Saitin da aka samu ba ya zama har abada, domin nauyin iska yana canzawa. A wuri mai tsayi kamar Jos, wanda ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da nauyi, don haka babur ɗin da aka daidaita a ƙasa zai buƙaci ƙaramar lamba a can. Zafin bazara ma haka yake yi, sanyin hunturu kuma yana buƙatar a ƙara mai. A rubuta lambobin jet, tsagin allura da zagayen sukuri tare da yanayin ranar, domin idan lokacin ya sake zagayowa a koma kansu kai tsaye.