Kana tsoron AI ya kwashe sirrinka? Ga yadda za ka fara amfani da shi hankali kwance

Mutane da yawa in ka ce musu su gwada ChatGPT ko Gemini, wato manhajojin AI da kake rubuta musu tambaya su ba ka amsa, tambayar farko da za su jefo maka ita ce "to abin da na rubuta ɗin ina yake zuwa?" Ni dai ban taɓa ganin laifin mai wannan tambayar ba, don tsoron ba na banza ba ne. A watan Maris na 2023 an samu wata matsala a ChatGPT da ta sa wasu suka riƙa ganin kanun hirarrakin wasu mutane a shafinsu, har sai da kamfanin OpenAI ya rufe shi na wasu awanni yana gyara. A ƙarshen watan kuma hukumar kare bayanai ta Italiya ta dakatar da shi a ƙasar, sai da aka yi kusan wata guda kafin ya dawo. A shekarar ne ma wasu ma'aikatan Samsung suka zuba bayanan aiki na cikin gida a ChatGPT suna neman ya taya su gyara, ƙarshe kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. To ka ga mai ɗari-ɗari yana da hujja.

Sai dai mafi yawan abin da manhajar za ta sani game da kai, kai ne za ka ba ta da hannunka. Eh, tana ɗaukar imel ɗin da ka yi rajista da shi, da irin wayarka, da adireshin intanet ɗinka wanda ke nuna yankin da kake, kamar dai sauran manhajojin da ke wayarka yanzu haka. Amma sirrin na gaske, wato rashin lafiyarka da rigimar gidanka da takardun ofis ɗinku, ba ta da hanyar saninsu sai ka rubuta ko ka ɗora. Kenan babban ƙarfin yana hannunka.

Ka fara da gane inda maganarka ke zuwa. In ka danna tura, rubutun ba a wayarka yake tsayawa ba, yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, can ake haɗa amsa a dawo maka da ita. Wannan ba irin saƙon WhatsApp ba ne da kake tura wa ɗan'uwanka a kulle ba mai iya buɗewa sai shi, a nan kamfanin ne da kansa abokin hirar. Abu uku na iya faruwa da rubutun: a adana shi, a yi amfani da shi wajen ƙara horar da manhajar, ko wani ma'aikaci ya karanta wani yanki don duba ingancin amsa ko don ana zargin an karya doka. Google ma, masu Gemini, da kansu sun rubuta a bayaninsa cewa kada ka sa abin da ba ka so mai dubawa ya gani, kuma hirar da mutum ya riga ya duba suna iya riƙe ta har shekara 3 ko da ka goge naka kwafin.

To kafin ka rubuta ko da sallama ce, ka shiga saiti. Wallahi bai wuce minti biyar ba, amma shi ne abin da kusan kowa ke tsallakewa. A ChatGPT ka nemi wurin da aka rubuta Data Controls, akwai maɓallin da ke ba su izinin horar da manhajar da hirarka, ka kashe shi. A Gemini abin yana ƙarƙashin tarihin ayyukanka na Google, a yadda yake zuwa yana ajiye hira wata 18, kana iya mayar da shi wata 3 ko ka kashe gaba ɗaya, ko da yake ko ka kashe suna riƙewa har awa 72. Claude ma, wani AI ɗin irinsu, tun 2025 yana tambayarka ko ka yarda a yi horo da hirarka, in ka yarda ajiyar na iya kaiwa shekara 5, in ka ƙi kuma ta fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Sunayen maɓallan nan suna yawan canzawa fa, don haka in ba ka ga daidai yadda na faɗa ba ka duba duk inda aka ambaci bayanai ko sirri, kuma ka riƙa leƙawa bayan 'yan watanni.

Akwai kuma hirar wucin gadi, wadda ba ta shiga tarihinka kuma ba a horo da ita. Tana da amfani sosai, amma kar ka ɗauka ta ɓace nan take, ChatGPT na iya riƙe ta har kwana 30. Sannan ka duba ɓangaren da yake tuna abubuwa game da kai daga hira zuwa hira, ka karanta abin da ya ajiye, ka goge wanda bai kwanta maka ba.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Duk saitin nan alkawari ne na kamfani, kuma alkawari wani lokaci yakan gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. A 2025 kotu a Amurka ta umarci OpenAI ya ci gaba da adana hirarraki har da waɗanda mutane suka goge, saboda shari'arsu da jaridar New York Times, aka yi watanni a haka. Shugaban OpenAI Sam Altman ma ya fito ya faɗa a shekarar cewa hira da ChatGPT ba ta da kariyar doka irin wadda ke tsakaninka da likita ko lauya. Magana zarar bunu ce, abin da ba ka rubuta ba shi kaɗai ne ba mai iya nemowa.

Don haka akwai abubuwan da ko kusa ba a sawa: kalmar sirri, lambar katin banki da fin ɗinsa, lambar da banki ke turo maka ta saƙo, lambar fasfo ko katin shaida. Ba wani aiki da zai yi maka da yake buƙatar waɗannan, ko ɗaya. Sauran kuma dabarar mai sauƙi ce, ka cire abin da ke nuna waye, ka bar matsalar. Misali kana so ya gyara maka takardar neman aiki, ka cire sunanka da lambar waya da adireshi, ka bar karatu da gogewa, in ya gama ka mayar da su da kanka. Kana so ya yi maka bayanin sakamakon gwajin asibiti, ka rubuta alƙaluman kawai da shekarunka, ba sai ka ɗauki hoton takardar mai ɗauke da sunanka da lambar katinka ba. Kana neman shawara kan saɓani da wani, ka ce "abokin aikina" ko "wata 'yar'uwata", amsar da za ka samu ba ta ragu da komai ba.

Kuma don Allah ka tuna da sirrin wasu. Wannan ne ya fi damuna, mutum ya kiyaye nasa tsaf amma ya ɗauki hoton hirar guruf ɗungurungum da sunaye da lambobin mutane ya ɗora yana tambayar "me wannan take nufi da maganar nan?" Waɗancan mutanen ba su ba ka izini ba, amana ce. Ka yanke hoton ko ka kwafi jimlar kaɗai. Haka malami da sunayen ɗalibai, haka ma'aikacin lafiya da bayanan marasa lafiya. In aikin ofis ne ka fara tambaya ko akwai ƙa'ida, wasu wuraren suna da akawun na kamfani wanda ba a horo da abin da aka sa a ciki, shi za ka yi amfani da shi ba naka ba.

Maɓallin raba hira shi ma a yi hattara da shi. A tsakiyar 2025 an ga hirarrakin da mutane suka raba daga ChatGPT suna fitowa a binciken Google saboda wani akwati da suka danna ba su fahimce shi ba, har aka cire zaɓin. A manhajar Meta AI ma an samu masu wallafa tambayoyinsu a fili suna zaton ajiyewa suka yi. Duk link ɗin raba hira da ka ƙirƙira, wanda ya same shi zai iya karantawa.

Sai tsaron akawun ɗin kansa, wanda bai da dogon bayani: kalmar sirri daban da ta sauran wurare, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatar da kai ne, misali da wata lamba, kafin a shiga, kar ka bar shi a buɗe a kwamfutar da ba taka ba. Ka sauke manhaja ta asali, ka duba sunan kamfanin da ya yi ta, don na bogi masu kama da ita sun yi yawa kuma su ne ɓarayin gaske. In ta nemi izinin lambobin wayarka ko duk hotunanka ko wurin da kake, ka ƙi, tana aiki ba tare da su ba. Ka kuma duba ƙasar da ake ajiye bayanan, masu manhajar AI ta DeepSeek alal misali sun rubuta cewa a Chaina suke ajiyewa, kai za ka auna ko hakan ya yi maka.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, kar ka takura kanka. Ka yi sati guda kana tambayarsa abin da ko a bainar jama'a za ka iya tambaya, ya fassara maka jimla, ya yi maka bayanin darasin lissafi, ya tsara maka jadawalin karatu. Cikin satin za ka saba da shi, hannunka kuma zai saba da tsayawa ya sake karantawa kafin ya danna tura. Wanda kuma aikinsa ba ya jure fita waje ko kaɗan, akwai manhajoji irin su Ollama da LM Studio da ke ba ka damar sauke ƙaramin AI a kwamfutarka ya yi aiki ko ba intanet. Bai kai manyan ƙwarewa ba kuma yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, amma abin da ka rubuta masa a kwamfutarka yake tsayawa.