Kurakuran da aka fi yi wajen yaƙi da yauƙin bakteriya, da yadda za a gyara su

Bakteriya masu haddasa cuta ba kullum suke yawo ɗai-ɗai a cikin jini ko ruwa ba. Sau da yawa sukan manne a wuri guda, su hayayyafa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke haɗawa daga sukari da furotin da DNA, wanda masana ke kira bayofim. Antonie van Leeuwenhoek, wani masani ɗan ƙasar Holland, ya ga irin wannan taro tun 1683 a cikin dattin da ya kankaro daga haƙoransa, amma sai a 1978 Bill Costerton da abokan aikinsa suka jawo hankalin masana ga muhimmancinsa.

Kuskuren da ya fi cin dukiya da lafiya shi ne zaton cewa duk gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a ƙafar mai ciwon suga, antibayotik mai ƙarfi yake jira. Sai a yi ta sauya magani wata da watanni, miki kuwa yana nan jiya i yau. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke can ƙasan yauƙin ba sa samun isasshiyar iska da abinci, don haka sukan rage aiki su daina rabuwa, alhali magunguna irin su penisilin suna kashe ƙwayar da ke tsakiyar girma ne. Joseph Bigger ya lura da irin waɗannan masu kwanton ɓauna tun 1944. A wasu gwaje-gwajen, kashe bakteriyar da ke cikin yauƙi yakan buƙaci magani har ninki 1,000 na abin da ke kashe ta a sake. Gyaran shi ne ma'aikacin lafiya ya kankare matacciyar tsoka da yauƙin, ya wanke, ya kuma maimaita a kai a kai, domin yauƙin yakan sake haɗuwa cikin 'yan kwanaki. Bayan kankarar ne magani ke samun hanyar shiga, kuma dole a haɗa da daidaita suga da ɗauke nauyin jiki daga ƙafar.

Daga nan ne wani kuskuren ke tasowa, wato dogaro kacokan ga sakamakon ɗakin gwaji. Takarda za ta ce maganin yana kashe ƙwayar, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai an gwada shi ne a kan ƙwayoyin da aka raba da yauƙinsu. Ƙwayoyin gadon bakteriyar ba su sauya ba. Kunna wasu ta yi, ta kashe wasu. Akwai wani sinadari a cikinta mai suna c-di-GMP, wanda Moshe Benziman da tawagarsa suka bayyana a 1987. Idan ya yi yawa, sai ta daina ninƙaya ta shiga sarrafa yauƙi. Idan ya ragu, sai ta ɓalle ta tafi neman sabon wuri. Abin da ya fi damuna shi ne tsawaita magani ba bisa ƙa'ida ba yana mai da wannan juriya ta wucin gadi ta zama bijirewa ta dindindin, domin ƙwayoyin da ke cunkushe suna miƙa wa juna ƙwayoyin gadon bijire wa magani cikin sauƙi.

Ɗalibai kuma sukan haddace cewa idan bakteriya suka ƙidaya yawansu ta hanyar sinadaran da suke fitarwa, to gina yauƙi ne zai biyo baya. Haka abin yake ga bakteriyar Pseudomonas aeruginosa, mai tsare-tsaren ƙidaya da ake kira las da rhl. Ga Vibrio cholerae, mai haddasa kwalara, akasin haka ne: idan suka yi yawa, furotin HapR yakan rufe ƙwayoyin gadon yauƙi da na dafi, sai bakteriyar su saki hanji su fita. Ya kamata a koyi tsarin kowane jinsi daban.

Robar fitsari ma wuri ce da ake yawan kuskure. Idan ta kai kimanin wata guda a jiki, kusan kowane majinyaci za a sami bakteriya a fitsarinsa, kuma ba shi antibayotik alhali babu zazzaɓi ko wata alamar ciwo ba ya amfanar da shi. Wata bakteriya mai suna Proteus mirabilis takan sauya sinadarin fitsari har tsakuwa ta taru ta toshe robar. Abin yi shi ne a cire robar da zarar buƙatarta ta ƙare. Idan kuwa ciwo ya bayyana bayan ta wuce mako 2, a sauya ta tukuna, a ɗauki fitsarin gwaji daga sabuwar, sannan a fara magani.

A gida, kurkure baki kaɗai ba ya cire yauƙin haƙori, sai an goge da buroshi ko asuwaki. Haka nan santsin da ke cikin randa ko jarka ba ya fita da ɗauraya. A zubar da ruwan, a cuɗe cikin da soso da sabulu, a bar ta ta bushe kafin a sake cikawa.