Sayayya ta waya: kurakuran da na gaji da ganin ana maimaitawa

Jiya da la'asar ƙanwar maigidana ta shigo mana gida nan Tudun Wadar Zariya ido jajur, wai wata mai sayar da abaya a Instagram ta toshe ta bayan ta tura mata dubu talatin da biyar. "Anti wallahi har bidiyo na gani, wance ce ma ta tallata ta." Ita ce ta huɗu da ta zo mini da irin wannan kukan tun daga ƙaramar sallah zuwa yanzu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk wadda ta sake zuwa in tura mata ta karanta bakina ya huta. Ni dai malamar firamare ce ba masaniyar tattalin arziki ba, ɗan abin da na sani da kuɗina na saye shi, kuma da tsada.

Uwar kurakuran duka ita ce ki ɗauka waccan da kike kallo a TikTok tana farke kwali tana "wayyo 'yan uwa ku zo ku ga haɗuwa" da kuɗinta ta sayi kayan. Mafi yawan lokaci kyauta aka aika mata aka haɗa da kuɗin talla, wata aro ake ba ta ta saka a ɗauki bidiyo a ninke a mayar shago, wata kuma tana da kaso a kan duk wadda ta saya ta hanyarta, shi ya sa kike jin "ki ce ni na turo ki za a yi miki ragi". Da wannan kalmar ake ƙirga kawunan da ta kawo. Ban ce sana'arta haram ce ba, dillaliyar da ke shigowa gidanmu a cikin birni da ƙullin zannuwa tun muna yara ita ma la'ada take ci. Amma dillaliya kowa ya san dillaliya ce, kin san gidanta, kin san mijinta, in atamfa ta zuba a wankin farko kin san ƙofar da za ki je ki yi sallama. Wannan kuwa a rigar ƙawa take zuwa miki, ta nuna miki falonta, ta nuna miki 'ya'yanta, ta ba ki labarin ciwon da ta yi, har ki riƙa jin kamar kun saba, to ranar da ta ce man nan shi ya gyara mata fata ina za ki yi mata musu. Ga fitilar ɗaukar hoto a gabanta ga filta a kan fuskar, ita kanta in kika haɗu da ita a layin asibiti ba lallai ki gane ta ba.

Wayar ma da hannunta a ciki. Duk bidiyon da kika ɗan tsaya a kansa, ko ba ki danna komai ba, an rubuta cewa kin tsaya, gobe a kawo miki goma irinsa. Kin kalli saitin kuloli sau ɗaya, sati guda kuloli ne za su yi ta binki kamar kin ci musu bashi, har zuciya ta fara raya miki ai kowa ya yi ke kaɗai kika rage. Ba kowa ba ne, ke aka ware aka yi ta nuna wa.

To ga nawa labarin, kuma shi ne kuskuren da in na ga yarinya za ta faɗa sai in ji jikina na rawa: taɓa kuɗin adashe ko cin bashi don kayan da ba ki riƙe a hannu ba. Farkon 2023 lokacin da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya, muna kwana a layin banki a PZ, dole ta sa na buɗe akawun a waya na koyi tiransifa. Da can in zan sayi abu sai na ƙirga kuɗin da yatsuna, ina ji a raina suna fita. Yanzu lamba huɗu kawai zan danna. A watan Mayu na ɗauki adashenmu na makaranta, mu goma ne dubu ashirin ashirin, dubu ɗari biyu cif, kuma ni ce ɗauka ta biyu. Niyyata firiza ta hannu da na riga na gani a Sabon Gari, in riƙa zoɓo da kunun aya. Ana gobe zan je, da daddare ina kwance na ga sitatus ɗin wata, saitin kuloli da tukwane ruwan zuma masu bakin gwal, wai oda ce daga Chana, ki biya yanzu kaya su iso nan da sati shida a rabin kuɗin kasuwa, kuma "yau ƙarfe sha biyu za mu rufe". Wata mai mabiya da yawa ta riga ta yi musu bidiyo a kicin ɗinta. Ƙarfe sha ɗaya da wani abu na tura dubu ɗari da ashirin, Abban yara na barci a gefena bai sani ba.

Ranar 29 ga watan Mayun aka rantsar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a Yuni aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi, kafin shekarar ta ƙare dala ta haura dubu a kasuwar bayan fage. Sati shida ya zama wata uku, uku ya zama biyar, kullum da labari, yau kaya na kan ruwa, gobe kwastan sun riƙe a Legas, sannan aka ce dala ta tashi kowa ta yi cikon dubu talatin da biyar ko ta haƙura da abin da ta zuba. Na cika. Ranar da direba ya kira ni na je Kwangila na karɓi kwalin, tun a Keke Napep na ji bai yi nauyin da nake zato ba. Babbar kular da na ga kamar za ta ci tuwon mutum goma, ta mutum uku ce, gwal ɗin kuwa fenti ne, da farce na kankare shi. Firizar da na bari ta riga ta tashi daga inda na san ta, ragowar dubu tamanin ɗin ma ban san inda suka shige ba, ɗan mayafi nan, ɗan takalmi can.

Kuma fa adashe bai san wannan ba, wata takwas ina zubi a kan kuɗin da babu su. Wani wata albashi ya yi jinkiri, uwar adashe ta fara aiko yaro, kunya ta hana ni faɗa wa maigida, sai na sauke irin manhajar nan ta ba da rance a waya. Dubu ashirin na karɓa, a sati biyu suna neman kusan talatin, na makara kwana huɗu. 'Yan uwa, saƙo suka tura wa mutanen da ke cikin wayata, da sunana, wai ni mai cin amana ce a guje ni. Hedimastanmu ya samu. Hajiya surukata ta samu, ita da ba ta karatun boko jikanta ne ya karanta mata a tsakar gida a gaban kowa. Ba ta ɗaga murya ba, kirana ta yi ɗaki ta ce "'yar nan, kin san Annabi sallallahu alaihi wasallam ya taɓa ƙin yi wa mai bashi sallar gawa sai da wani ya ɗauki nauyin biya? A kan kwano?" Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ga riba da na ci wa kaina zunubinta a banza. Hukumar kare masu saye, FCCPC, ta sha sa a cire irin waɗannan manhajoji daga Play Store kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista, amma wannan bai goge saƙon da ya riga ya shiga wayar surukarki ba.

Don haka ki ji ni da kyau. Kuɗin adashe suna da suna tun kafin su zo hannunki, kar ki canja musu suna da daddare. Odar da za ki biya ki jira wata da watanni, in ba 'yar kasuwa ba ce ke mai jarin da za ta iya jure asara, ba taki ba ce. Rancen waya kuwa ko kallonsa kar ki yi.

Sai anko, wanda shi ma yana ci mini rai. A da atamfa ɗaya ake fitarwa a yi biki a watse. Yanzu ƙawayen amarya sun kalli bikin 'ya'yan masu kuɗin Abuja a Instagram, sai a fitar da na kamu daban, na dina daban, na yini daban, da ɗaurin kai da kwalliya, a buɗe guruf a WhatsApp a riƙa jera sunayen waɗanda suka biya don a kunyata sauran. Yarinya tana karatu a jami'ar ABU, Kongo ko Samaru, kuɗin abincinta na wata take zubawa a leshin da sau ɗaya za ta saka, don in ta maimaita shi an riga an gani a hoto. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu saba'in ne tun 2024, kuma ba kowa ke samun sa ba, amma anko ɗaya da ɗinki ya cinye rabinsa ko fiye. Wai ku wa kuke so ku burge ne? Amaryar da bayan wata uku ko kiranki ba za ta ɗaga ba? Ni yanzu ƙa'idata guda ce, in 'yar uwa ce ta jini na yi ɗaya, ɗaya tak, sauran in saka abin da nake da shi in kai gudummawa a ambulan. An yi gulma ta an gaji. Wata ta daina gaishe ni a kan haka, ban rame ba.

Ƙananan kuma ga su a gurguje. Sayayya bayan isha'i, kar ki yi, mutum a gajiye ba shi da wayo. Agogon nan mai ƙirga mintoci da "saura guda biyu", da keken sa'a mai juyawa irin na Temu da ya shigo mana ƙarshen 2024, da garaɓasar Nuwamba ta su Jumia, duk don kar ki samu sararin tunani ne, kuma abin da ba ki da niyyar saya ko an rage rabi asarar rabin kika yi. Ƙara kaya don a kawo miki kyauta, kin kashe dubu goma don gudun biyan dubu biyu. Man shafawa da aka haɗa a roba babu suna babu lambar NAFDAC, ki bar shi, na ga fuskar da ya ƙona, kunci baƙi ƙirin kamar an ɗora dutsen guga. Maza kuma kar ku yi dariya, na san mai albashin da ya ci bashi ya sayi iPhone da gezna don hoton sallah alhali buhun masara babu a gidansa.

Abin da nake yi yanzu, ban ce kowa ta bi ba, ni dai ya yi mini. Akawun ɗin da albashi ke shiga na cire manhajarsa daga waya gaba ɗaya, kati kawai na bari, in ina son kuɗi sai na saka hijabi na taka wurin mai POS, kuma sau da yawa kafin in nemo takalmi sha'awar ta tafi. Ina da wani tsohon littafin rajista, duk abin da ya shiga raina sai in rubuta shi da kwanan wata in ba shi kwana bakwai. Ran nan na duba, shafi huɗu cike, abin da na saya a ciki bai kai biyar ba, wasu ma na kasa tuna mene ne su. Masu sayar da kaya da ke cikin lambobina duk na rufe sitatus ɗinsu, muna gaisawa lafiya lau amma ba na kallon hajarsu. Farashi kuma ba na lissafa shi da naira, da kwanakin aiki nake lissafawa, in na ga jaka sai in ce wannan kwana tara ce ina ihu a gaban yara sittin da alli a hannu, nan take sai ta rage kyau.

In kuma abin ya wuce kwana bakwai ɗin yana nan a raina, Sabon Gari nake fara zuwa in taɓa shi da hannuna, in ja zaren, in ɗaga shi a rana, in yi ciniki. In babu a Zariya ina da ɗan ƙanwata a Kano, ya shiga Kantin Kwari ya kira ni ta bidiyo daga cikin shagon. In dole sai a wurin ta intanet ɗin, to ta nuna mini kayan kai tsaye a hasken rana tana riƙe da shi, ba hoton da ta kwafo ba, sunan akawun ya dace da sunan da ta ba ni, kuma in san wata da ta taɓa karɓar kaya a hannunta, wata da na sani ido da ido, don hotunan alat da na godiyar kwastomomi da suke jerawa yaro ma zai iya haɗa su. Wadda ta ce ba ta da lokacin wannan, ni ma ba ni da kuɗin.

Ƙanwar maigidan nawa dai na sa ta kira bankinta ta kai ƙorafi da shaidar tiransifa, mun tara hotunan hirarsu, ko za a dace Allah masani. Da za ta tafi na jawo mata kwalin nan daga ƙarƙashin gado na buɗe ta gani, har yau ban taɓa zuba abinci a cikinsu ba. Ta ɗaga ƙaramar ta jujjuya ta, ta share ido, sai cewa ta yi "Anti amma fa suna da kyau, nawa za ki bar mini?"