Yadda Mai Atisayen Gudun Dogon Zango Zai Magance Gajiya

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, don haka ka fita gudu da asuba. Auna nauyinka kafin gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, sha ruwa lita ɗaya da rabi, kaɗan-kaɗan. In gumi ya yi yawa, zuba rabin ƙaramin cokalin gishiri da shida na sukari a lita guda. Bayan gudu, kada awa ta wuce ba ka ci ba: fura da nono ko kunun gyaɗa sun wadatar.

Da farkawa, ƙirga bugun zuciyarka. In ya ɗara na kullum da 10 a minti, jiki bai warware ba, ka huta ranar. Ciwon ƙwauri a wuri guda kuwa mai yiwuwa ba gajiya ba ne, ƙashi ne ke neman tsagewa; a nufi asibiti.