Yadda za ka janye ɗan'uwanka daga tiramol a garin da kowa ya san kowa

Ni tela ne a Pitowa, nan kusa da Garwa a kan hanyar Marwa. Shekara uku ke nan da ƙanena, mai bi mini, ya faɗo daga kan mashin wata ranar Lahadi a bakin kasuwa, jikinsa na fizga, kumfa na fita ta bakinsa. Mutane suka ce iska ce. Ni na san abin da ya kayar da shi, don na daɗe ina tsintar ɓawon tiramol a aljihun wandonsa in ya kawo mini gyara, kunya ta sa na yi ta haɗiye maganar. Zan faɗi abin da muka yi daga ranar har ya tsaya da ƙafarsa, da inda muka yi kuskure, ko Allah Ya sa wani mai irin nauyin nan a gidansa ya rage hanya.

Kafin ka ce masa uffan, ka fara sanin garinku. Ƙidayar jama'a ta 2005 ta nuna sama da kashi 40 cikin ɗari na mutanen Kamaru ba su kai shekara 15 ba. Yaran nan su ne samarin da suka cika tashar 'yan kilando, wato masu haya da mashin, da bakin kasuwa yanzu, ga ƙarfi, ga buƙata, aikin yi kuwa bai taka kara ya karya ba. Garinmu kuma haɗin gambiza ne. Akwai Fulani, akwai Fali da ke gindin dutsen Tingilin tun kaka da kakanni, akwai mu Hausawa da Barebari da kasuwa ta kawo iyayenmu, sannan ga Tupuri da Mundang da Giziga da Mafa da suka gangaro daga arewa mai nisa neman ƙasar noma, musamman bayan kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974 da gama madatsar Lagdo a 1982. Kowane ɓangare da ƙofar da maye ke shigo masa. Inda ake dafa giyar gargajiya irin su bilbil da arki, abin a fili yake, mai sha ba ya ɓuya. Yaronmu na unguwar Hausawa kuwa ba zai zauna gidan bilbil da rana tsaka ba, don kafin ya tashi labari ya riga shi gida. Sai ya koma ga ƙwaya, wadda ba ta da wari, ko wiskin leda da ake shanyewa a lungu cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa uba zai shinshina bakin ɗansa ya ji ba komai, ya kwanta da murna, alhali yaron ya yi nisa.

Tiramol ita ba ta san ƙabila ko addini ba. Manomi na sha don ya wuni a gonar auduga, ɗan dako na sha, ɗan kilando na sha, har shanun huɗa ana ba su. A 2013 wasu masu bincike suka ce sun samo tiramol a saiwar tafashiya a arewacin ƙasar nan, aka ɗauka itacen ne ke yin ta. A 2014 wasu suka biyo sawu suka gano daga fitsari da kashin shanun da ake ɗura wa ƙwayar ne ta shiga ƙasa. In har ƙasar da muke takawa ta sha, kada ka zauna kana cewa gidanku ya fi ƙarfin abin.

Ni littafin awon ɗinki na ɗauka, na buɗe shafin baya, na yi mako biyu ina rubuta abu uku: inda yake wuni daga asuba zuwa dare, su wa yake zama da su, da ranakun da kuɗi ke shiga hannunsa. Kai ma ka yi haka. A wajenmu sai ga shi ƙarara: ranar Lahadi, da kasuwa ke ci mutane na kwararowa daga Garwa da ƙauyuka har da Najeriya da Cadi, ita ce ranar da yake ninka sha, don ya yi ta jigila ba hutu. Haka lokacin biyan kuɗin auduga. Na kuma gano mai sayar masa, wani mai akwatin magani a kan keke. Kada ka je ka yi faɗa da shi. Ka kore shi yau, gobe wani ya maye gurbinsa, kai kuma ka tona wa ɗan'uwanka asiri a banza.

Maganar farko da safe ake yin ta, bayan ya karya, kuna ku biyu. Ba a yi wa wanda ke cikin maye nasiha, ba a yi kuma a gaban ƙannensa. Na zube ɓawon da na tara a kan teburin yanka, na ce, "Ɗan'uwa, ban kira ka don faɗa ba. Gaya mini guda nawa kake sha a rana." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Yaya, wallahi in ban sha ba, ko ƙafata ba na iya ɗagawa." Wannan gaskiya ya faɗa, kuma dole ka yarda da ita. Tiramol dangin magungunan kashe zafi ce masu ƙarfi, jiki na sabawa da ita har ya kasa aiki sai da ita.

Ka duba lambar da ke jikin ɓawon. Wadda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a so babban mutum ya wuce 400 a rana. Ta kan titi kuwa za ka ga 120, 200, 225, har 250. Ƙanena guda shida yake sha na 225, wato 1,350, ya ninka iyakar sau uku da ɗoriya. Yawan nan ne ke kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Ka tambaye shi kuma me yake haɗawa da ita, ko diyazefam mai sa barci, ko giya, ko wiwi, ko sholisho, don likita zai buƙaci sani.

Ga kuskuren da muka tafka. Baffanmu ya ce a kulle shi a ɗaki mako guda, abin zai fita. Muka kulle. Kwana na biyu gumi ya rufe shi, ga zawo, ga hamma da majina, ƙafafu na masa ciwo yana ta shure-shure, barci ya ƙaurace masa. Dare na uku ya fara cewa ana kiran sunansa ta bayan katanga, yana kuka kamar yaro. Kafin asuba ya ɓalle taga ya fita, ya je ya sha fiye da na da. Don Allah kada ka yi haka. Ku je asibiti, ku nemi ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga nan garin, babban asibitin Garwa ne mafi kusa. A faɗa wa likita gaskiyar adadin, shi zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ya ba da abin da zai sassauta zawo da ciwon jiki da rashin barci. Kai aikinka riƙe maganin da miƙa masa a kan lokaci. Idan kuma giya ce ya daɗe yana sha kullum, ko diyazefam, yanke su farat ɗaya na iya kisa. Mai giya kan fara rawar hannu, a kwana na biyu ko na uku ya rikice yana ganin abin da babu, ya faɗi. Wannan kwanciyar asibiti yake buƙata.

An kuma ba mu shawarar kai shi inda ake sa mari. Na ƙi, har yau ban yi nadama ba. Na ga waɗanda suka dawo daga irin wuraren nan da tabo a idon sawu da ƙiyayyar iyayensu a zuci. Addu'a kuwa mun yi ta ba dare ba rana, Inna ba ta bar tsayuwar dare ba, maganin likita na tafiya a gefe guda.

Kowa a gidan ya san abin yi in ya faɗi. A kwantar da shi ta gefe, a janye duk abin da zai ji masa ciwo, a sa tsumma a ƙarƙashin kansa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja. In fizgar ta wuce minti biyar, ko numfashinsa ya yi ƙasa sosai an tashe shi ya ƙi tashi, a nemi mota nan take, a tafi da ɓawon ƙwayar.

Wahalar jiki mako ɗaya zuwa biyu ce. Babban aikin yana bayanta, kuma a nan ƙanƙantar gari ke zame maka cuta da magani a lokaci guda. Mai sayar masa ya san sunansa, zai gaishe shi a hanyar masallaci. Abokan shan suna nan a majalisarsu, ba inda za ka kai shi da ba za su haɗu ba. Amma idanun da kake tsoro, su ne za su taya ka tsaro in ka zaɓi masu amana. Ni mutum uku na faɗa wa: limamin unguwarmu, shugaban tashar su ta kilando, da maƙwabcinmu, wani dattijo Bamundange da ya bar arki shekaru da yawa. Wannan dattijon ya fi kowa amfani. Da yamma zai kira shi su zauna a ƙofar gida ana dafa shayi, ya ce masa, "Ɗana, yau kaɗai za ka riƙe, gobe ma za mu zauna." Rufin asiri da muke ji da shi, in ya zama ba wanda ya sani sai kai, to nauyin zai karya ka, shi kuma ya samu duhun komawa.

Sai aiki. Wanda ya fara sha don ya jure awa goma sha biyar a kan mashin, in ka mayar da shi kan mashin ɗin, ka mayar da shi ga ƙwaya. Mun ba wani amintacce mashin ɗin yana kawo kuɗin yini, kuɗin na shiga hannun Inna. Shi kuma ya dawo shagona yana guga da sa maɓalli, ina sallamarsa da abin cefane da sabulu, ban da tsabar kuɗi mai yawa. Duk ranar Asabar da yamma sai ya tafi gonar kawunmu a wajen Lagdo, ya dawo Litinin, kasuwa ta watse. Wata biyu na farko kasala da ɓacin rai sun dame shi, barci ma sai a hankali ya dawo. Za ka ga yana fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ka yi haƙuri, ka tabbata yana cin abinci, yana fita rana, yana komawa wajen likita ranar da aka ba shi.

A wata na biyar ya koma, a wajen bikin wani abokinsa. Na gane da ganin idonsa da yadda yake ta surutu yana soshe-soshe. Raina ya ɓaci matuƙa, amma likitan ya riga ya gargaɗe ni cewa hakan na faruwa da da yawa, kuma lokacin ne mafi haɗari, don jikin da ya huta ba zai ɗauki adadin da ya saba ba. Guda shidan da a da yake sha ya hau mashin, yanzu za su iya tsayar masa da numfashi. Ka gaya wa naka wannan tun yana cikin hayyacinsa. Daren ranar ban bar shi ya kwana shi kaɗai ba, na shimfiɗa tabarma a ɗakinsa ina sauraren numfashinsa. Da safe ban ce masa ya ci amana ba. Na tambaye shi guda nawa, a hannun wa, me ya faru kafin ya karɓa, muka hau mota zuwa Garwa.

Bara muka mayar masa da mashin ɗinsa, bisa sharaɗin da shi da kansa ya gindaya: daga safe zuwa la'asar, sannan ya kawo makullin ya rataye a ƙusar da ke bayan keken ɗinkina. Ranar Lahadi har yanzu ba ya fita da shi. Yana nan shago tare da ni, yana yi wa 'yan ƙauye awo, ni ina yanka.