Babi na 6: Bin rafi da hawan dutse cikin ayari

Iyayena da yayyena, ku ɗauko littafi da biro. Wannan babin na fita ne, za mu bi rafi mu hau dutse mu dawo gida kafin magariba.

Darasi na 1: Inda za mu da abin riƙewa

Duwatsun Shere suna gabas da garin Jos, ta hanyar Lamingo ake zuwa. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Mu karanta tare: dubu ɗaya da ɗari takwas da ashirin da tara. Waƙafin nan da ke bayan 1 ɗin shi ke nuna maka dubu ce. Kar lambar ta firgita ka Baba, daga bakin teku ake aunawa, Jos ɗin ma da muke zaune tana kan wajen mita 1,200, kaga abin da ya rage wa ƙafa bai kai yadda kake tsammani ba.

Kowa ya riƙe ruwa lita 2. Ledar fiya wata rabin lita ce, kenan leda 4. A sa kambas, banda silifas. A ɗauko rigar sanyi ko da gari ya yi zafi, da gyaɗa ko dabino ko dafaffen dankali, da tocila. A gaida mai unguwa kafin a shiga, a nemi ɗan gari ya ja gaba, mutanen wajen Afizere ne da muke ce wa Jarawa, su suka san inda gona take da inda ba a takawa.

Darasi na 2: Takardar sunaye

Toh nan ne fa wajen, a nutsu. Samu farar takarda. Gefen hagu, wato wajen hannun da ba ka cin abinci da shi, rubuta 1. Gaban 1 ɗin rubuta sunanka. Naka, kai mai rubutun. Ƙarƙashinsa 2, sunan na kusa da kai, haka har kowa ya shiga, suna ɗaya layi ɗaya. Lambar ƙarshe ita ce yawanku, zagaye ta da biro. In 14 ce, ku 14 ne.

Me ya sa nace sunanka a farko? Don kullum a aji nan ake tuntuɓe, mutum ya nuna kowa da yatsa ya manta kansa, ya samu 13 hankalinsa ya tashi, ko kuma wanda ya fi muni, wata rana ya sa kansa wata rana bai sa ba, sai mutum ɗaya ya ɓace lissafi kuma ya fito daidai. Ba komai, da sannu hannu zai saba. Sake gwadawa. Wa ke lamba 1? Kai ne. Yauwa.

Yanzu kira. Ka kira suna daga takarda, mai sunan ya ce na'am da bakinsa, sannan ka ja ɗan layi gaban sunan. Bai amsa ba, ba layi. Wani ya ce "ai yanzu na ganshi", ba layi. Wani ya ce "yana bayan dutse yana fitsari", a jira shi ya zo ya amsa. Mu maimaita: kira, amsa, layi. Kira, amsa, layi. Mama kin yi daidai, sake yi.

A yi kofi biyu, ɗaya a bar wa na gida tare da lokacin dawowa, ɗaya a sa a leda don kar ta jiƙe.

Darasi na 3: Cikin rafi

Dutsen da ya yi kore gansakuka ce, santsi gare ta, taka busasshe. A tsallaka ɗaya bayan ɗaya. Daminar Jos daga wajen watan 4 take zuwa watan 10, a watan 7 da na 8 ruwa ya fi ƙarfi, ana iya yin ruwa can sama ku nan ko ɗigo babu sai ku ga rafi ya taso. Da kun ga ruwan ya fara yin ja yana kawo ciyawa, ku fita ku hau tudu nan take. Kududdufan da masu haƙar kuza suka bari zurfi gare su, ba wanka ba alwala.

An tsallaka? Fito da takarda. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa, kallon fuska ba ƙirga bane! Kun gaji na sani, amma wanda aka bari cikin kwazazzabo da targaɗe ɗan wani ne, uban wasu ne. Kira, amsa, layi. Da kai a lamba 1.

Darasi na 4: Kan dutse

Mai saurin ƙafa ya jira mai nauyin jiki, wani mai ƙarfi ya tsaya can baya. Ƙarfe 1:00 na rana a juya ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Wasu wayoyin 13:00 suke rubutawa, duk ɗaya ne. In hadari ya haɗo ana walƙiya a sauka, kar a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. A kira sunaye kafin a juya.

Darasi na 5: Saukowa

A hankali, gangara ta fi cin gwiwa. Kar a zura hannu a ramin dutse. In maciji ya sari mutum ba tsagawa ba tsotsa, a ɗauke shi sai asibiti. Lambar gaggawa 112. A kwashe ledoji. A bakin mota a sake kira.

Aikin gida: rubuta sunayen mutanen gidanku da lamba, ka zagaye ta ƙarshe, ka kawo ranar aji.